Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar Kula da Wuraren Tarihi ta Ƙasar Ayilan Game da Tuddan Ƙonannun Duwatsu

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Hukumar Kula da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, Dublin.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto muku wannan wasiƙa ne a kan wani rukuni na wuraren tarihi da doka ta damƙa amanarsu a hannunku, wato tuddan ƙonannun duwatsu da mutanen ƙasar nan ke kira fulacht fia. Ni Bahaushe ne mazaunin gundumar Cork, kuma na zaɓi in yi maganar a fili da harshena domin 'yan'uwana da ke zaune a nan, waɗanda da yawansu ke aikin gini da tuƙin manyan motoci da aikin gona, su ma su ji abin da ke ƙarƙashin ƙasar da suke takawa kullum. Abin da nake so in faɗa shi ne, kariyar da waɗannan tuddai ke da ita a yau ta fi ƙarfi a takarda fiye da a gona, kuma ɓangaren da ya fi daraja a cikinsu, wanda ke kwance cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, shi ne doka ba ta cika kai hannu gare shi ba.

Ku kun san su sarai, amma saboda mai karatu da bai taɓa gani ba, bari in kwatanta. Mutum zai shiga fadama ko bakin rafi ko kusa da idon ruwa, sai ya ga ɗan tudu mai siffar jinjirin wata, wanda sau da yawa tsayinsa bai wuce ƙugun mutum ba, ciyawa ta rufe shi. In aka yaye ciyawar, abin da ke ciki fasassun duwatsu ne da suka yi ja ko baƙi saboda wuta, haɗe da gawayi da baƙar ƙasa. A cikin lanƙwasar tudun akwai rami da aka daɓe da katako, ko aka jera masa faffaɗan duwatsu, ko aka saƙa masa tsumagu, wani lokaci ma guntun kwale-kwale aka binne ya zama komin ruwa. Mutanen da suka yi shi sukan hura wuta a gefe, su gasa duwatsu har su yi zafi ƙwarai, su jefa cikin komin, ruwan ya tafasa. Dutsen da ya sha wuta sannan ya faɗa ruwan sanyi tsagewa yake yi, don haka bayan an yi amfani da shi kaɗan sai a kwashe a watsar a gefe uku na ramin, a bar gefe ɗaya don shige da fice. Haka tudun ya samu siffarsa. Wanda ya ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun a tafin hannu zai ji ba shi da nauyin dutse, gefensa da kaifi, kuma in ya murza shi da yatsa sai ya ga yashi na zubowa.

Babu wani nau'in wurin tarihi na zamanin da ba a fara rubutu ba da ya kai su yawa a ƙasar nan. An ƙididdige kimanin 7,000, kuma fiye da 2,000 daga ciki a gundumar Cork kaɗai suke. Tsawon ƙarnoni ana danganta su da mayaƙa da maharban tatsuniyoyin ƙasar, musamman bayan marubucin tarihin ƙasar, Geoffrey Keating, ya bayyana a ƙarni na 17 yadda waɗannan maharba ke dafa naman farauta a ramuka da zafafan duwatsu. Sai da gwajin kabon, wanda ake gano shekarun tsohon itace ko gawayi da shi, ya yawaita, musamman aikin da Anna Brindley da Jan Lanting suka yi a wajejen 1990, aka tabbatar cewa mafi yawansu na zamanin tagulla ne, tsakanin shekara ta 1800 da ta 800 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, wasu ma sun girmi haka. Ke nan ɗan tudun da tarakta ke iya bajewa kafin azahar yana iya kai shekara dubu uku da rabi a inda yake.

A shekarar 1952 Farfesa Michael O'Kelly na Jami'ar Cork, wanda daga baya ya yi suna da aikin tonon shahararren tsohon kabarin nan na Newgrange, ya tono irin wannan wuri a Ballyvourney, sannan ya sake gina shi ya gwada da hannunsa. Komin ya ɗauki ruwa wajen lita 450, kuma da aka riƙa jefa zafafan duwatsu sai ya tafasa cikin kusan rabin sa'a. Ya naɗe cinyar tunkiya mai nauyin kilo 4.5 da busasshiyar ciyawa ya saka a ciki, yana ƙara dutse jefi-jefi don kada zafin ya sauka, bayan sa'a uku da minti arba'in nama ya dahu har ƙashi. Bayan 'yan shekaru Edward Fahy ya yi makamancin gwajin a Drombeg, kusa da Glandore, inda har yau baƙo zai iya ganin komin dutse da rijiyarsa da murhunsa, 'yan taku kaɗan daga da'irar tsayayyun duwatsun da ta fi jan masu yawon buɗe ido.

Duk da haka, gwajin O'Kelly ya nuna cewa ana iya dafa nama a wurin ne kawai, bai tabbatar da cewa abin da aka yi ke nan a ko'ina ba. Ƙasusuwan dabbobi ba su da yawa a mafi yawan wuraren da aka tono, ko da yake masu goyon bayan girki suna cewa ƙasar fadama mai tsami ce ke cinye ƙashi, kuma a wuraren da ƙasar ba ta da tsami an samu ƙasusuwan shanu. A 1987 Lawrence Barfield da Mike Hodder, bisa abin da suka gani a tuddan da ke bakin rafukan Birmingham a Ingila, suka kawo hujja cewa wuraren surace da wanka ne. Wasu sun ce rini, wasu jima, wasu wankin ulu, kuma a 2007 wasu masana biyu daga Galway, Billy Quinn da Declan Moore, sun dafa giya a irin wannan komi don nuna cewa hakan ma mai yiwuwa ne. A ganina duk wanda ya san yadda mutanen karkara ke amfani da abin da suka sha wahalar ginawa ba zai yi mamaki ba in ya zama an yi ayyuka da dama a wuri guda. Amma abin da ya shafe ku a nan shi ne, tambayar ba ta rufu ba, kuma amsarta na cikin laka da katako da ƙwayoyin tsirrai da ƙwarin da suka maƙale a gindin komi, abubuwan da na'urorin bincike na yau ke karantawa fiye da na zamanin O'Kelly, na gobe kuma za su fi na yau. Duk tudun da ya bushe ko aka baje, an rage shaidun da za a yi wa wannan tambaya.

Na san dalilin da ya sa ba su da farin jini. Ba a samun zinariya a cikinsu, ba a cika samun ko tukunya ba, kuma ba su da kyan da za a buga a jikin katin gaisuwa. Kusan juji ne, kuma duk wanda ya tashi a gidan gargajiya ya san cewa jujin bayan gida ya fi zaure faɗin gaskiyar abin da mutanen gidan ke ci da abin da suke yi. Manyan kaburbura da kayan ado da ke gidan tarihi na Dublin suna ba da labarin masu iko. Waɗannan tuddai kuwa aikin wanda ya saro itace ne, da wanda ya ɗauko dutse a ka daga bakin rafi, da wanda ya san cewa dutsen yashi ya fi jure wuta, dutsen farar ƙasa kuma dagargajewa yake yi ya ɓata ruwa. Gawayinsu na nuna irin itatuwan da suka rufe ƙasar nan kafin a sare dazuzzuka, kuma yadda suka bazu a kan taswira na nuna inda mutane suka zauna a yankunan da ba a samu ko alamar gida ɗaya ba.

Yanzu ga maganar doka. Tun 1930 ƙasar nan ke da dokar kare wuraren tarihi, kuma gyaran da aka yi mata a 1994 ya kafa kundin wuraren da ke da kariya, ya wajabta wa duk mai son yin aiki a irin wurin ko kusa da shi ya ba da sanarwa a rubuce wata biyu kafin ya fara. Wannan tanadi ne mai kyau, kuma ya ceci wurare da yawa. Matsalar ita ce an fitar da kundin ne gunduma bayan gunduma a shekarun 1990, kuma wuraren da aka gano bayan haka, ko da sun shiga taswirarku ta intanet, ba su samu wannan kariya kai tsaye ba. Babu rukunin da wannan giɓi ya fi cuta kamar tuddan ƙonannun duwatsu, domin su ne ake ta ganowa a kai a kai, yawanci a ranar da bakin garma ya juyo baƙar ƙasa a tsakiyar gona, wato ranar da aka fara lalata su.

Saboda haka na yi murna da sabuwar dokar da Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Michael D. Higgins, ya sa wa hannu a watan Oktoba na 2023, wadda ta tanadi kundi guda na zamani da kuma kariya ga wuraren da aka gano sababbi tun kafin a kammala yi musu rajista. Na fahimci cewa doka mai girma irin wannan kashi-kashi ake aiwatar da ita, kuma ma'aikatanku ba su da yawa in aka duba girman aikin. Roƙona shi ne, a wajen shigar da wurare cikin sabon kundin, kada a bi tsarin da zuciya ke fara kawowa, wato a fara da hasumiyoyi da majami'u da manyan ganuwoyi a bar ƙananan tuddai zuwa ƙarshe. Hasumiya tana kare kanta da girmanta, kowa na ganinta daga titi, kuma wanda ya taɓa ta gari zai sani kafin yamma. Tudun da ke ƙarshen fadama, bayan shinge, babu mai ganin ranar da ya tafi. Wanda ya fi rauni shi ya kamata a fara rubutawa.

Amma ko an rubuta su duka, akwai abin da rajista kaɗai ba za ta yi ba, kuma shi ne babban dalilin wannan wasiƙa. Abin da ya adana katakon komi shekaru dubbai shi ne ruwa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta barin iska ta shiga, don haka itace ba ya ruɓewa, har ana ganin sawun gatarin tagulla a jikinsa, ana ganin gansakukar da aka cusa tsakanin katakai, kuma wani lokaci ana iya ƙirga zoben shekarun itacen a san lokacin da aka sare shi. Manomi na iya bin doka sau da ƙafa, bai taɓa tudun ba, bai kusance shi da tarakta ba, amma ya haƙa lambatu mai zurfi a can gefen gonar don ya janye ruwa ya samu makiyaya mai kyau. Ruwan ƙasa zai sauka, iska ta shiga, kuma cikin shekaru kaɗan katakon da ya jure tun zamanin tagulla zai zama baƙin tabo a cikin laka. Daga sama tudun na nan yadda yake, ɗigonsa na nan a taswira, mai duba wuri zai zo ya rubuta cewa lafiya lau, alhali abin da ake karewa ya riga ya tafi. Ƙasar nan ta daɗe tana janye ruwa daga filayenta, tun daga dokar magudanan ruwa ta 1945 da shirin gyaran filaye na 1949, har zuwa faɗaɗa gonaki bayan shiga tarayyar kasuwancin Turai a 1973, kuma binciken da Majalisar Kula da Kayan Gado ta wallafa a 2001 ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na wuraren tarihi a yankunan da aka duba sun ɓace tun daga shekarun 1840. Wannan lissafi na abin da ido ke gani ne kawai. Ina roƙon ku da ku sa ruwan da ke kewaye da tudu cikin abin da ake karewa, ta yadda haƙa lambatu ko dasa daji a kusa da shi zai buƙaci shawararku kamar yadda tono shi kansa ke buƙata, kuma a zaɓi wasu wurare a kowace gunduma a riƙa auna zurfin ruwansu lokaci zuwa lokaci.

Na taɓa tsayawa a wata gona a yammacin Cork inda aka ajiye zoben ƙarfen da ake zuba wa shanu ciyawa daidai kan irin wannan tudu. Dalilin mai gonar a fili yake: a duk filin nan ne kaɗai wurin da ba ya caɓewa da damina, saboda duwatsun da ke ciki suna tsane ruwa. Kofaton shanu ya yaye ciyawar, jajayen duwatsu sun fito sun gangara cikin taɓo, gefe ɗaya na lanƙwasar ya riga ya baje. Mutumin dattijon kirki ne, kuma da aka yi masa bayani sai ya ce shi tun yana yaro ya ɗauka tsohuwar matoyar gawayi ce. A ranar ya ja zoben ya mayar da shi wani wuri. Babu tara, babu kotu, magana ce ta 'yan mintoci a bakin shinge.

Irin wannan ya sa nake ganin cewa manomi shi ne mai gadin gaske, kuma kuɗin da za a kashe wajen zuwa a same shi a gonarsa ya fi wanda za a kashe wajen gurfanar da shi amfani. A tsibirin South Ronaldsay na Orkney, a Sikotilan, a farkon shekarun 1970, wani manomi yana ɗibar duwatsun wani tudu a Liddle don gyaran hanyar gonarsa sai ya ci karo da ginin dutse a ciki. Ya dakata ya sanar da masana, kuma abin da John Hedges ya tono a wurin, ɗaki mai komin dutse da murhu, ya zama ɗaya daga cikin sanannun misalai a duk Birtaniya. Shirin tallafin noma na ACRES, wanda ya fara a 2023, yana biyan manomi don kula da wurin tarihi a gonarsa, kuma tun 2020 akwai asusun tallafa wa al'umma kan wuraren tarihi. Abin da ya rage shi ne a tabbatar cewa mai ba manomi shawara kan shirin ya iya gane tudun ƙonannun duwatsu in ya gani, kuma kowane mai gona da ke da irinsa ya samu takarda mai hoton filinsa da bayani cikin sauƙin harshe: ga wurin, kada a ajiye abincin shanu a kai, kada a bi ta kai da babbar mota, kada a haƙa lambatu kusa. Mutane da yawa sun sayi gona ko sun gaje ta ba tare da wani ya taɓa faɗa musu haka ba.

Game da manyan hanyoyi, adalci ne a yaba. A shekarun bunƙasar tattalin arziki, daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2008, an tono ɗaruruwan irin waɗannan wurare gabanin shimfiɗa tituna da bututun gas, kuma mafi yawan abin da aka sani a yau daga nan ya fito. Sai dai tono, komai kyansa, cinye wuri yake yi, abin da ke saura rahoto ne da akwatunan samfur. Tunda an riga an tono da yawa haka, hujjar barin na sauran a cikin ƙasa ta ƙara ƙarfi, kuma a inda za a iya karkatar da hanya ko harsashin gini da 'yan mitoci, ya kamata hakan ya zama abin da ake fara nema.

Za a ce mini, kuma an sha faɗa, cewa abin da ya kai dubu bakwai ba ya cikin haɗari, kuma ƙasa ba za ta daina noma da gini saboda tarin fasassun duwatsu ba. Ban nemi a daina ba. Amma adadin da ke cikin kundi ya haɗa da waɗanda garma ta riga ta baje, suka zama baƙin tabo a gona, da waɗanda aka tono aka gama da su. Waɗanda ke tsaye da siffarsu, kominsu na cikin ruwa, ba a taɓa su ba, sun fi wannan adadi ƙanƙanta nesa, kuma ba a ƙara ko ɗaya a kansu. Ƙari a kan haka, darajarsu tana cikin yawansu: inda aka samu biyar ko shida a jere a bakin rafi guda, ana iya bin sawun al'umma ɗaya tsawon ƙarnoni, abin da tudu guda da aka killace shi kaɗai ba zai bayar ba. Don haka nake ba da shawarar a zaɓi wasu kwaruruka da fadamu da tuddan suka taru, a kare su a dunƙule, tudu da rafi da filin da ke tsakani.

Na bakin teku kuwa lokacinsu ya fi ƙurewa. A Sikotilan, da teku ta fara cin tudun Cruester a tsibirin Bressay na Shetland, mutanen tsibirin tare da masana sun kwashe ginin dutse bayan dutse a 2008 suka sake jera shi kusa da cibiyar tarihinsu, kuma an yi haka da na Meur a tsibirin Sanday a 2014. Ba kowane wuri ne ya cancanci wannan wahala ba, amma tsarin da suka bi, na horar da mazauna gaɓa su riƙa zagayawa bayan guguwa suna ɗaukar hoto suna aikowa, abu ne da gaɓar yammacin Ayilan ke buƙata, kuma ba shi da tsada.

Roƙona na ƙarshe ya shafi mutanena da sauran baƙin da suka zama 'yan gari. A wuraren gini da yawa a yau, wanda ke zaune a kan motar tono, wanda idonsa ne zai fara ganin baƙar ƙasa da jajayen duwatsu a bakin shebur, ba a ƙasar nan aka haife shi ba, bai yi makarantar firamare a nan ba balle a kai shi Drombeg yawon makaranta. Bai san cewa doka ta wajabta sanar da hukuma cikin 'yan kwanaki in an tsinci kayan tarihi ba, kuma yana iya jin tsoron cewa in ya tsayar da aiki shi za a sallama. Ina roƙon ku da ku haɗa kai da masu ba da horon kiyaye haɗari a wuraren gini, a saka hotuna biyu ko uku na yadda tudun ke bayyana in an yanke shi, da lambar da za a kira, da tabbacin cewa wanda ya sanar bai yi laifi ba, kuma a fassara takardar zuwa harsunan da ma'aikatan ke ji. In kun shirya yin haka, akwai masu jin Hausa a Cork da Dublin da za su fassara ta kyauta, kuma ni ina cikinsu.

Ina fatan Allah Ya taimake ku a kan wannan amana.

Naku cikin girmamawa,
Wani Bahaushe mazaunin gundumar Cork